Akuyar Alhaji Kabiru

Ku da kuke shigowa shagon nan na Abbasiya a Alƙahira da fasassun wayoyinku, kuna hango tsohon akwatin wasan can na lungu kuna ƙunshe dariya, ku ja benci ku zauna. Ni Habu, da kuke ce wa Baba Mai Gem, ba da gyaran waya na fara ba. Sana'ata ta asali ita ce waɗancan wasannin da kuka raina: bulo na faɗowa kana jerawa, ɗan mutum na tura akwati cikin lungu, jirgi na harbin ƙwari. Rannan ɗayanku ya ce min duk wasannin da na ƙare rayuwata a kansu ba su kai nauyin hoto guda a wayarsa ba. Bai yi ƙarya ba. Amma bari in ba ku labarin aiki ɗaya da na yi a zafin bana, in ya so ku faɗa min ko da sauƙi.

Wata Asabar bayan la'asar wani dattijo ya yi sallama, furfura ta fara cin gefen kansa, 'yarsa budurwa tana biye da shi. Alhaji Kabiru ne, ma'aikaci a ofishin jakadancinmu. Mahaifinsa ma a garin nan ya taɓa aiki, don haka a nan ya yi ƙuruciya. Muka gaisa, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu naɗe a hankici, ya warware a hankali. Kaset ne.

"Malam Habu, an ce min kai kaɗai ka rage da ke iya tada irin wannan."

Na ce, "Waƙa ce ko karatu, Alhaji?"

"Wasa ne. Ni na yi shi da hannuna, ina ɗan sakandare."

Sai 'yar ta kai gefen mayafi baki, kafaɗunta na rawa don dariya. "Abba, don Allah, har a gaban mutane?"

Ya ce, "Nafisa, tsallaka ki karɓo mana ruwan rake." Tana fita ya matso kusa da ni, ya rage murya. Ya ce tun yaransa suna ƙanana yake ba su labarin wasan da ya rubuta da kansa a ƙaramar kwamfutar gidansu, wasan wata akuya. Babu hoto, babu shaida. Mahaifinsa ya rasu, kwamfutar an bayar tun da daɗewa. A hankali abin ya zama abin tsokana a gidan. Duk wanda ya zuzuta labari, sai sauran su ce, "Wasan Abba ne." Har autansa, da bai gama iya ɗaure takalmi ba, ya iya faɗa.

"Ina taya su dariya, Malam Habu, amma wallahi abin yana min ciwo. Ban taɓa yi wa yaran nan ƙarya ba. Kwanaki Hajiyarmu ta tsinto kaset ɗin a ƙasan akwatin zannuwanta a Zariya, ta aiko min. Ina so su gani da idonsu, ko sau ɗaya."

Na juya kaset ɗin a hannuna. Ya kusa shekara arba'in. Irin wannan zaren ba ya jure wucewa ta kan rikoda sau da yawa, yana tafiya yana zubewa. Na faɗa masa gaskiya, na ce in muka yi wasa da damar farko da ta biyu, ba lallai a sami ta uku ba. Ya ce ya ji, ya yarda.

To ku da kuke danna waya wasa ya fito, ku saurara. A zamaninmu wasa a kaset yake zuwa. Ba hoto a ciki, ba komai, ƙara ce kawai, kamar gyare ya faɗa gwangwani. Kwamfuta ba ta da gilashinta, talabijin ɗin gida ake jona mata. Ka jona rikoda, ka danna, ka zauna kana sauraron ƙarar nan har shayinka ya huce. Kwamfutar ita ma saurare take, tana mayar da ƙarar wasa. In ta kuskure wuri ɗaya, ko a ƙarshen ƙarshe ne, khalas, sai ka mayar da zare ka sake daga farko. Na ga babban mutum mai iyali yana roƙon rikoda kamar yana roƙon mai gidan haya.

Karatu ne ya kawo ni Masar, kamar ku. Ɗakinmu yana saman shagon wani Bamisire Kirista, Usta Milad, mai gyaran kayan wuta da akwatunan wasa. Rikodar da nake ɗaukar darasi da ita ce ta fara jan murya, na sauko da ita. Ya saurara ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce a'a, Usta, muryar malamin ta yi kauri. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya buɗe ta, ya tarar bel ɗin ya saki. Sai ya ce, "Kana da kunne. In ka taso daga makaranta ka riƙa biyowa." Da na gama abin da ya sawwaƙa na karatu, abokaina suka koma gida, ni na zauna.

Kada ku ɗauka ya miƙo min kayan aiki. Tsintsiya ya miƙo min, sai auduga da sipirit na goge kan rikoda. Kan rikoda shi ne ɗan ƙarfen nan mai sheƙi da zare ke gogawa a jikinsa, shi ke karantawa. A gefensa akwai wani ɗan noti, in ka murɗa shi kaɗan sai kan ya karkata. Usta yakan sa ni in juya masa baya, ya kunna kaset, ya murɗa notin, ya ce, "Ya Habu, ya gyaru ko ya ɓaci?" In na kuskure, ba zagi, ba duka, sai ya ce in je in karɓo shayi. Na yi jigilar shayi har mai shayin ya ɗauka ni yaronsa ne. Sai da hunturu ya zo ya wuce kafin ya bar ni na riƙe ƙaramin sukundireban nan da kuke gani a aljihun rigata.

Manyan akwatunan kuwa, na katako masu tsawon mutum, darasinsu daban. Gilashin cikinsu yana riƙe wuta ko an cire shi daga soket. Dokar Usta ita ce hannu ɗaya a ciki, ɗaya a aljihu. Wani abokin sana'armu ya raina wannan doka, wutar ta yi jifa da shi har bakin ƙofa, ya tashi yana tambayar wa ya mare shi. Sauran aikin kullum ne: hannun wasa ya karye saboda yaro ya yi fushi, maɓalli ya maƙale da miyar koshari, abincin Misirawa, ramin saka kwabo ya toshe da murfin lemo da aka bubbuge. Na taɓa ciro maɓallin riga, har da ƙwallon dabino.

Kwastomomi kuwa, kowa da halinsa. 'Ya'yan ma'aikatan jakadanci sukan zo, wasu bayan Juma'a, wasu bayan coci, da kaya masu ƙamshi, suna Turanci. Ɗaliban gida sukan shigo suna waige-waige, wai sun zo tambayar batir. Akwai wani babban ɗalibi mai rawani, gwani a nahawu, da yake zuwa bayan la'asar ya tsaya gaban wasan jera bulo. In wani ya gan shi sai ya gyara murya ya ce yana nazarin tsari ne. Yau babban malami ne a gida, ina jin wa'azinsa a waya, ba zan faɗi sunansa ba. Amma har na daina harkar wasannin ba wanda ya kamo makinsa.

Don in yi wa Alhaji aiki sai da na hau sandara, wato ɗan rumbun nan na saman ƙofa, na sauko da kwamfuta irin tasu da talabijin mai ƙeya. Abin da ya sa suke nan, shekarar wahala ce. Shekarar da shagunan intanet suka buɗe a kowane layi, ga kuma injinan wasa masu faifai sun shiga gidaje. Kamar an yi shela, yara suka ɗauke ƙafa. Sai in buɗe da safe, in kunna akwatuna, su yi ta kiɗa su kaɗai har magariba. Lokacin idon Usta ya yi rauni, ya bar min shago ya koma ƙauyensu. Mai bikiya, ɗan gwangwan ɗin garin nan, kullum sai ya tsaya da kurarsa a ƙofata yana ƙwala kira. Na ba shi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ina kallo yana farfasa su da guduma don ya ciri tagulla. Na ji zafin abin ƙwarai. Guda na hana shi, shi ne na lungun can, ƙananan kwamfutocin kuma na cusa su a sandara. Mai ɗakina ta ce na buɗe wa kyankyaso makaranta. Daga nan na je na zauna gaban wanda na haifa na koyi gyaran waya, muka ci gaba da cin abinci, alhamdulillahi.

Aikin Alhaji na fara shi ne da buɗe kaset ɗin. Ɗan soson da ke danna zare a jikin kai ya ruɓe, don haka na kwashe zaren na mayar cikin sabon gida. Na sa biro na juya shi da hannu daga farko har ƙarshe, sannu sannu, don inda ya manne ya saki. Nafisa ta dawo da ruwan rake, ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Baba Habu, tunda zaren na zubewa, me zai hana in jona kwamfutata ta ɗauki ƙarar tun a wucewar farko? In ya yi, mun huta."

Shawara ce mai kyau, ban yi girman kai ba, na ba ta waya ta jona. Na ɗauko shimfiɗaɗɗiyar rikodar da na gada wajen Usta, wadda kanta ke miƙe sak, na goge ta, na yi bismillah na danna.

Tun daga fiton farko na san da matsala. Ƙarar ta fito a dushe, kamar mai magana da bargo a baki. Ban jira kwamfuta ta rubuta kuskure ba, na tsayar. Na goga auduga a kan rikodar, ta fito da jan gari. Na nuna wa Alhaji na ce, "Wannan garin da kake gani, wasan ne yake zubewa."

Nafisa ta daina murmushi, ta dafa hannun mahaifinta. "Ma'alish, ba komai, Abba. Mu bar shi kawai. Ai mun yarda."

Ya ce, "Ba irin wannan yardar nake so ba."

Ga abin da ya faru. Kaset yana bin halin rikodar da ta ɗauke shi. In kanta a karkace yake ranar da aka yi ɗauka, rubutun a karkace ya kwanta a kan zare, kuma miƙaƙƙen kai ba zai karanta shi ba. Rikodata lafiyarta ce ta yi yawa. Da sabon kaset ne, sai in yi ta kai da komo ina murɗa noti har in dace. Wannan kuwa ba shi da ƙarfin haka. Dole in san ta ina tasu rikodar ta karkace kafin in sake dannawa.

Na shiga yi wa Alhaji tambaya irin ta likita. Wace iri ce? Ta taɓa faɗuwa? Murfinta na rufuwa daidai? Ya dafe goshi, ya ce shi dai ya san baƙa ce, shimfiɗaɗɗiya irin tawa. Sauran ya tafi. Nafisa ta ce, "A kira Hajiya mana. Ita ba ta manta ɓarnar da aka yi mata."

Aka kira Zariya ta bidiyo. Hajiya ta kanga wayar a fuska har ba ma ganin komai sai goshinta da ido ɗaya. Muka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi zafi. Alhaji ya ce, "Hajiya, kin tuna baƙar rikodar nan tamu ta Alƙahira?"

"Wadda ta cinye min ashana? Yo ina zan manta!"

Na matso. "Hajiya, ashana kamar yaya?"

"Ƙanensa ne ya yar da ita, murfin ya saki. Tun daga nan in ba an cusa tsinken ashana a ƙarƙashin kaset ba, sai ta tauna zare. Kullum in zo kunna gas, kwali wayam. Shi wannan da ke gabanka ya karye kawunan ya watsa min a kan kafet, yana can ya ƙura wa talabijin ido kamar mai jiran wahayi."

Alhaji ya riƙe baki. "Wallahi haka ne. Ashana!"

Na ce, "Hajiya, ta wane gefe yake cusawa?"

"Ta wajen taga."

"Ai tagar ba ta biyo mu nan ba, Hajiya."

Ta yi dariya har wayar ta kife, muka ga silin. Nafisa ta ce, "Ƙawata, ta wajen jan maɓalli ne ko ɗaya gefen?"

"Jan! Shegen jan nan da ya danna ya goge min karatun da na ɗauka. Tsinke ɗaya, a kwance. Kada ku kashe wayar, ina so in ga abin da ya cinye min ashana."

Kun san yanzu neman ashana a garin nan aiki ne, kowa leta. Sai wajen mai gadin bene na samo kwali. Na karye kan tsinke, na kwantar da shi ƙarƙashin kaset ta wajen jan maɓalli, na rufe murfi a hankali. Wato da hannuna na lalata zaman rikodar da na yi shekaru ina tattalinta. Na kashe fanka don kada tebur ya girgiza, na ce kowa ya tsaya inda yake. Na sa bakin sukundireba a kan notin, na danna.

Fiton ya fito siriri, mai kaifi. Bai cika ba, saura kaɗan. Na rufe ido na murɗa notin kamar kaurin gashi, sai ƙarar ta washe tas. Na ɗauke hannu. Daga nan ba abin da ɗan Adam zai yi sai jira. Gumi na bin wuyan Alhaji, bai share ba. A waje direbobin mikrobas suna ta hon suna kiran fasinja, a ciki gyare na kuka. Can wajen ƙarshe ƙarar ta yi wata rawa, ta dushe. Ta dawo. Ta ci gaba, ta ci gaba, sannan ta yanke.

Kwamfutar ba ta rubuta kuskure ba. Kafin in motsa, Alhaji ya miƙa hannu ya buga kalmar da ake bugawa wasa ya tashi. Ban gaya masa ba, yatsunsa ne suka tuna.

Gilashi ya yi baƙi, sannan ya yi kore. Manyan haruffa suka fito a sama, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya: AKUYA. KABIRU NE YA YI.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba wani kyakkyawan wasa ba ne. Akuyar farin akwati ce mai ƙafa huɗu da ƙaho ɗaya. Tana yawo cikin lungunan lambu tana cin ɗigon ganye, in ta ci sai ta yi wani kuka kamar ƙofar da ba mai. Wani jan akwati riƙe da dogon abu yana bin ta. Amma yana tafiya, komai na aiki, kuma na san wahalar da ke cikin sa wa akwati ƙafa ya yi tafiya a irin wannan inji. Yaron da ya yi wannan ya sha zama.

Nafisa ta juya wayar ga talabijin. Daga Zariya muka ji, "Wace ce waccan mai tsintsiya?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Ke ce, Hajiya."

"Ja'iri! Da ashanata ka zana ni ina bin akuya?"

Na yi dariya har da hawaye. Nafisa ta duba kwamfutarta ta ce ƙarar ta ɗauku gaba ɗaya, ko zaren ya zama gari yanzu ba komai. Sannan ta ja kujera ta karɓi hannun wasa, tana cewa bari ta gwada sau ɗaya. Mai tsintsiya ta cafke ta tun a lungun farko. Ta sake. Aka sake cafke ta. Ta gyara zama, ta ture mayafi baya, ta ciji leɓe. Mahaifinta na tsaye a bayanta yana cewa, "Hagu, hagu! Ba ta iya juyawa da sauri, ki bi ta bayanta." Ruwan rake ya yi ɗumi a kan tebur ba wanda ya taɓa.

Da ƙyar ta cinye ganyen duka. Lambun ya zama fili, akuya na ta zagaye, mai tsintsiya na biye.

"Abba, ta ina ake fita?"

"Babu ƙofa," in ji shi. "Ina cikin koyon yadda ake yin ta aka ce mu haɗa kaya, za mu koma gida."

Ta saki hannun wasan, ta juyo ta dube shi. Shi kuma ya kau da kai yana karanta kwalayen batir da ke kan kanta. Sai ta ce wa kakarta tana zuwa, ta katse, ta kira yayanta a gida.

"Yaya, ku bar abin da kuke yi, ka ɗauko su auta ku taho Abbasiya yanzu. A'a, lafiya lau. Ku dai zo. Wallahi akwai akuyar."